Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Ajin Haziƙai A Amurka?

A makarantun gwamnati na Amurka, sau da yawa tun yaro yana ɗan shekara bakwai ko takwas ake yanke hukuncin irin lissafin da zai karanta idan ya kai 17, kuma iyaye da yawa ba su ma san an yanke ba. Sai mutum ya biyo tsanin daga sama yake gane dalili. Karatunsu daga aji 1 ne zuwa aji 12, ban da ajin share fage. Ɗalibin da ya bi hanyar kowa da kowa zai fara aljabara a aji 9, ya yi jometiri a aji 10, ya koma aljabara ta biyu a aji 11, ya ƙare da shimfiɗar kalkulas a aji 12. Kalkulas ɗin kansa, wanda manyan jami'o'i ke son gani a takardun mai neman injiniya ko kimiyya, lokaci ya ƙure bai kai gare shi ba. Wanda ke son ya kai, dole ya yi aljabara tun a aji 8, wanda ke nufin an matse masa karatun shekara uku cikin biyu. Masu yin ta a aji 7 kuwa, tun a firamare aka fara sa musu sauri. Kujerar da aka ba yaro ko aka hana shi a aji 3, ita ce ke biyo shi har ƙofar jami'a.

Babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa makaranta ta nemo haziƙan yara ko ta yi musu wani tanadi. Yaro mai buƙata ta musamman saboda nakasa yana da doka a bayansa, iyayensa na iya zuwa kotu. Haziƙi ba shi da irin wannan. Rahoton Marland da aka miƙa wa majalisa a 1972 ya fayyace wane ne mai baiwa, dokar Javits ta 1988 ta ware ɗan kuɗin bincike, amma aikin kansa an bar wa jihohi da hukumomin ilimi na gundumomi, waɗanda yawansu ya haura 13,000. Yara kimanin miliyan 3, wajen kashi 6 cikin ɗari na 'yan makarantun gwamnati, su ne ke ɗauke da sunan masu baiwa. Sai dai yaron da ake kira haziƙi a wannan gunduma, idan ubansa ya sami canjin wurin aiki zuwa ta gaba, yana iya wayar gari ya zama ɗalibi kamar kowa.

Gardamar da ake ta yi a can kusan duk a kan jarrabawa take: wacce ce mai adalci, wane maki ne zai zama iyaka. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi raba yara shi ne wa ake kaiwa gaban jarrabawar tun farko, da wa zai buɗe baki ya roƙa kafin a duba ɗansa.

Gundumar Fairfax ta jihar Virginia, mai ɗalibai kimanin 180,000 a gefen birnin Washington, ta isa misali, domin tsarinta na daga cikin waɗanda aka fi tsefewa. Shekaru da yawa ga yadda abin ya riƙa tafiya. A aji 1 kowane yaro zai zauna gwajin Naglieri, wanda babu karatu a cikinsa, zane ne zalla: a jera akwatuna huɗu, a na farko da'ira fara, a na biyu da'ira baƙa, a na uku murabba'i fari, na huɗu a bar shi wayam, a ce yaro ya zaɓi abin da ya dace. A aji 2 sai gwajin CogAT mai sassa uku, na kalmomi, na lambobi da na siffofi. A sashen lambobi ana iya nuna masa 2 ta koma 6, 4 ta koma 12, a tambaye shi 5 fa? Waɗanda makinsu ya yi sama sosai, kai-tsaye ake buɗe musu fayil. Sauran kuwa sai iyaye ko malami sun cike takardar gabatarwa kafin ranar da aka tsayar. A cikin fayil ɗin ana zuba makin gwaje-gwaje, da sakamakon aji, da takardar da malamai ke auna ɗabi'un yaro, da samfurin ayyukan da ya yi, har da bayanin da iyaye suka rubuta a kan ɗansu. Kwamiti ya zauna ya karanta, bayan 'yan watanni a aiko da amsa. Wanda aka ƙi yana da damar ɗaukaka ƙara idan ya zo da sabuwar hujja, kuma hujjar da aka fi kawowa ita ce gwajin IQ da masanin halayyar ɗan'adam ya yi wa yaron shi kaɗai, wanda akasari iyaye ke biyan kuɗinsa.

A takarda tsarin ya yi kyau, domin ba a rataya makomar yaro a kan jarrabawar yini ɗaya ba. Amma a ƙidaya wuraren da hannun iyaye ke shiga. Sanin ranar rufe karɓar takarda, zaɓen aikin yaro da zai burge kwamiti, rubuta bayani da Ingilishi mai daɗin karantawa, sanin cewa akwai ɗaukaka ƙara, mallakar kuɗin gwaji, ga kuma littattafan share fagen CogAT da ake sayarwa a fili da cibiyoyin da ke horar da 'yan shekara shida a kansa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Uwar da ke aikin jinya da dare, ko uban da ke tuƙin tasi, wanda wasiƙar makaranta ta zo masa da harshen da bai gama laƙanta ba, ba ƙin ɗansa yake yi ba, bai san an buɗe kasuwar ba ne har ta watse. Iyalan Afirka ta Yamma da ke zaune a unguwanni irin su Bronx a New York, cikinsu har da masu jin Hausa daga Ghana da Nijar da Najeriya, suna cikin wannan sahu. Da zarar an rubuta a takardar shiga makaranta cewa ana wani harshe a gida, ana gwada Ingilishin yaro, idan bai kai ba a sa shi cikin masu koyon harshe. Daga nan idon malami yana kan abin da yaron ya rasa, da wuya ya koma kan abin da ya fi kowa iyawa.

Wannan matsala ta gabatarwa ta girmi duk masu gardamar yau. Lewis Terman na Jami'ar Stanford, wanda ya fito da gwajin Stanford-Binet a 1916, ya fara tattara haziƙan yaran California a 1921, ya sami fiye da 1,500, aka bi rayuwarsu har tsufa. Yawancinsu ta hannun malamai suka fito: a tambayi malama su wa suka fi ƙoƙari a ajinta, sannan a gwada waɗanda ta ambata. Kusan dukkansu farar fata ne, 'ya'yan masu rufin asiri. Yara biyu da aka gwada aka ce makinsu bai kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, daga baya kowannensu ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ɗaya a 1956 ɗaya a 1968. A cikin waɗanda aka zaɓa babu wanda ya ci. Ana yawan ba da wannan labari don a yi wa gwajin IQ dariya, alhali yaran Terman da yawa sun yi fice a rayuwa, gwajin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba a taɓa gwadawa ba, domin su ba wanda ya rubuta sunansu balle a san me suka zama.

Hujja mafi ƙarfi a wannan batu daga Florida ta fito. Dokar jihar ta ce mai baiwa shi ne wanda ya sami maki 130 a gwajin IQ, wato kimanin yara 2 cikin 100, amma ta bar wa gundumomi damar sassauta wa 'ya'yan talakawa da masu koyon Ingilishi, inda a gundumar Broward aka tsayar musu da 116. Har zuwa 2005, sai malami ko iyaye sun gabatar da yaro ake kai shi wurin masani. A shekarar sai Broward ta ce kowane ɗan aji 2 zai zauna gajeren gwajin zane, wanda ya yi kyau a tura shi cikakken gwajin IQ a kuɗin hukuma. Ba a taɓa iyakar maki ba, ba a rage komai ba. Masana tattalin arziki biyu, David Card, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, da Laura Giuliano, sun bi diddigin abin da ya biyo baya. Rabon yara 'yan asalin Latin Amurka da aka gano masu baiwa ne ya tashi daga kimanin kashi 2 zuwa 6 cikin ɗari, na baƙaƙen fata daga 1 zuwa 3, na farar fata daga 6 zuwa 8. Da yawa daga cikin sababbin da aka gano ba da ƙyar suka tsallake ba, makinsu ya zarce iyakar da nisa. Suna nan zaune a aji tun da can, gaban malamansu, ba wanda ya ɗaga musu hannu. Da tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi a ƙarshen shekarun 2000, aka datse kuɗin shirin, alƙaluma suka koma gidan jiya.

Ba ina cewa malamai mugaye ba ne. Malamar da ke da yara 25 tana gane haziƙi ne da alamun da ta saba gani: mai ɗaga hannu, mai kawo aikin gida a tsaftace, mai magana irin tata. Yaron da ya gama aikinsa cikin minti biyar ya koma tsokanar na kusa da shi, sunansa fitinanne. Jason Grissom da Christopher Redding na Jami'ar Vanderbilt sun wallafa bincike a 2016 da ya nuna cewa idan aka ɗauki yara biyu masu maki ɗaya a karatu da lissafi, baƙar fatar yana da kusan rabin damar da farar fatar ke da ita ta shiga shirin masu baiwa, amma idan malaminsa baƙar fata ne sai giɓin ya kusa rufewa. Maki ɗaya, yaro ɗaya, idon da ke kallonsa ne kawai ya bambanta.

Akwai kuma lissafin da masu tsara ƙofofi ba sa son yi. A ɗauka, don misali kawai, kowace ƙofa tana barin yara 8 cikin 10 da suka cancanta su wuce. Idan aka ce sai yaro ya sami gabatarwar malami, kuma ya ci gwajin basira, kuma ya ci jarrabawar lissafi, to 8 cikin 10 sau uku ya koma kusan 51 cikin 100. An zubar da rabin waɗanda suka cancanta da sunan tsantseni. Hukumomi suna alfahari da cewa suna duba ma'aunai da yawa, amma tambayar ita ce ko ma'aunan hanyoyin shiga ne dabam-dabam, ko kuwa shingaye ne da aka jera a hanya ɗaya.

Shi kansa makin ba dutse ba ne. Duk gwajin IQ yana da kuskuren awo na 'yan maki sama ko ƙasa, don haka tsakanin mai 128 da mai 131 babu wani bambanci da za a rantse a kai. A Broward ɗin an lura makin yara yana taruwa cunkus daidai kan iyakar da doka ta sa, abin da ba zai faru ba sai idan masu gwajin suna ɗan taimaka wa wanda ya kusa. Kuma ƙanƙantar yaro tana ƙara rashin tabbas. David Lohman na Jami'ar Iowa, ɗaya daga cikin marubutan CogAT ɗin kansa, ya nuna cewa kaso mai yawa na yaran da ke sahun 3 cikin 100 na sama a wannan shekara ba sa nan idan aka sake aunawa bayan 'yan shekaru, wasu ne suka hau gurbinsu. Mai gwajin da kansa yana gargaɗin kada a mai da shi hatimin dindindin, masu amfani da shi suna yi.

Birnin New York ne ya kai wannan ɗabi'a maƙura. Daga 2008, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, aka sa ƙa'ida ɗaya ga duk birnin: yaro ɗan shekara huɗu zai zauna gwaji, idan ya wuce 90 cikin 100 na sa'o'insa ya cancanci ajin haziƙai na yankinsu, idan ya wuce 97 ya cancanci neman ɗaya daga cikin makarantu biyar na birni baki ɗaya. A lokacin yara kimanin 15,000 ke zama kowace shekara a kan kujeru kimanin 2,500. Ɗan shekara huɗu, wanda rashin barcin rana ko tsoron baƙuwar fuska ya isa ya ɓata masa yini. Kuma sai iyaye sun yi rajista. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba: a birnin da kusan kashi biyu cikin uku na ɗalibansa baƙaƙen fata ne da 'yan Latin Amurka, kimanin kashi 75 cikin ɗari na ajin haziƙai farar fata ne da 'yan asalin Asiya. A Oktoban 2021 magajin gari Bill de Blasio ya sanar da rushe shirin. Eric Adams da ya gaje shi ya dawo da shi a 2022, har ya ƙara kujeru, amma ba jarrabawa: malaman share fage su gabatar da yara, sannan a jefa ƙuri'a. Wato an gudu daga gwaji mai rauni an faɗa hannun gabatarwar malami, hanyar da Broward ta riga ta nuna inda take yoyo. A yaƙin neman zaɓen magajin gari na 2025 ɗan takara Zohran Mamdani ya ce zai daina ɗaukar 'yan ajin share fage cikin shirin, gardama ta sake tashi sabuwa.

A nan ya kamata a yi wa iyayen 'yan Asiya adalci, domin ana yawan jefa su cikin kwandon masu gata. Da yawansu a New York 'yan ci-rani ne masu aikin gidan abinci da shagon wanki, waɗanda suka ɗauki jarrabawa a matsayin ƙofa ɗaya tilo da ba ta tambayar wa ka sani. Idan suka yi fushi da cire ta, suna da hujja. Maki, duk da rauninsa, ya fi ra'ayin mutum wuyar murɗawa.

Masu cewa a rushe bambancin gaba ɗaya, kowa ya zauna aji ɗaya, su ma an gwada tasu. A 2014 San Francisco ta cire aljabara daga aji 8, ta ce kowa ya jira aji 9, da niyyar rufe giɓin da ke tsakanin ɗalibai masu launin fata dabam-dabam. Masu hali suka biya kuɗin darasin bazara da na intanet, ko suka sa 'ya'yansu haɗa darussa biyu a shekara ɗaya, ko suka kwashe su zuwa makarantun kuɗi. Wanda ya tsaya cak shi ne haziƙin da ba shi da kowa sai makarantar gwamnati. Binciken masanan Stanford a 2023 ya nuna giɓin launin fata a manyan darussan lissafi bai gushe ba. A Maris na 2024 fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu ƙuri'a a birnin suka goyi bayan a dawo da aljabara aji 8, lokacin hukumar ma ta riga ta sauko. Kishiyar wannan, wato a tura kowa gaba ko ya shirya ko bai shirya ba, ita ma ta sha ƙasa. A farkon shekarun 2000 gundumar Charlotte ta jihar Carolina ta Arewa ta tura matsakaitan ɗalibai aljabara da wuri, masanan Jami'ar Duke suka gano cewa hakan ya rage musu nasara a aljabarar da ma darussan da ke biye, gundumar kuma ba ta daɗe ba ta janye.

To me ya rage? Bincike na biyu da Card da Giuliano suka yi a wannan gunduma ta Florida ya fi na farko tayar da hankali, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Ƙa'idar gundumar ita ce, idan makaranta tana da ko yaro ɗaya mai baiwa a aji 4, sai a buɗe aji na musamman, a cike sauran kujerun da waɗanda suka fi maki a jarrabawar jiha ta bara, ko da IQ ɗinsu bai kai ba. Da aka auna, waɗanda ke da takardar baiwa ba su nuna wani ƙarin maki a karatu da lissafi ba saboda zama a ajin. Waɗanda suka ci riba sosai su ne 'yan cike gurbin, musamman baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka, kuma ba a ga wata illa ga waɗanda aka bari a sauran azuzuwa ba. Ana iya cewa jarrabawar jiha ba ta iya auna ci gaban wanda ya riga ya taɓo rufinta, kuma akwai gaskiya a ciki. Duk da haka darasin a fili yake: wanda ya nuna a aikace ya gama da abin da ake koyarwa, shi ne ya fi buƙatar a ƙara masa, ko an kira shi mai baiwa ko ba a kira shi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin haɗa lissafi mai zurfi da sunan baiwa kuskure ne tun daga tushe. Baiwa suna ne da ake liƙa wa yaro sau ɗaya, ya zama abin taƙamar iyaye, a wurare da yawa kuma abin da ke bayansa bai wuce awa ɗaya ko biyu a mako da ake fitar da yaro ya yi wasan ƙwaƙwalwa ba. Lissafi kuwa tambayarsa mai sauƙi ce, kuma tana da amsa: wannan yarinya ta riga ta iya abin da za a koyar a aji 4 bana? Idan ta iya, zaunar da ita shekara guda tana maimaitawa zalunci ne, ko da sashen kalmomi na CogAT ya ba ta kunya saboda a gida ba Ingilishi ake yi ba. Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins ya kama wannan tun 1971, lokacin da ya fara ba 'yan shekara 12 da 13 jarrabawar shiga jami'a ta SAT. Hikimarsa ita ce, jarrabawar ajin yaro ba ta bambanta wanda ya ɗan fi aji da wanda ya yi masa fintinkau, duk 99 za su samu, sai an ba su abin da ya fi ƙarfin shekarunsu ake ganin tazarar. Yau kayan aikin sun yi arha. Makarantu da yawa suna yin gwajin MAP a kwamfuta sau biyu ko uku a shekara, wanda ke ƙara wuya duk lokacin da yaro ya amsa daidai. Bayanin yana hannun makaranta, ba ta buƙatar uwa ta zo ta roƙa.

Jihohin da suka fi burge ni su ne waɗanda suka juya akalar roƙon. A 2017 jaridu biyu na Carolina ta Arewa, News & Observer da Charlotte Observer, suka tono cewa dubban 'ya'yan talakawa da suka sami matakin ƙoli a jarrabawar lissafi ta ƙarshen shekara ba a sa su a azuzuwan gaba ba, alhali 'ya'yan masu hali da ke da irin makinsu an sa su. A 2018 majalisar jihar, da goyon bayan jam'iyyun biyu, ta yi doka: daga aji 3 zuwa sama, duk wanda ya sami mataki na 5, wato na ƙoli, a sa shi a lissafi mai zurfi kai-tsaye, ba za a cire shi ba sai iyayensa sun sa hannu a rubuce. Gundumar Dallas ta jihar Texas ta yi irin wannan a 2019, rabon baƙaƙen fata 'yan aji 6 da ke ajin lissafi na gaba ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan shekaru. A 2023 jihar Texas ta mai da shi doka: duk ɗan aji 5 da ya faɗo cikin kashi 40 na sama a lissafi, da kansa zai tsinci sunansa a hanyar da ke kai wa ga aljabara a aji 8. Dā shirun iyaye yana nufin a bar yaro a baya, yanzu shirunsu yana nufin a wuce da shi. Ba a sauya jarrabawa ba, ba a sauya malami ba.

Ba zan ce wannan ya warkar da ciwon duka ba. Yaron da ya shigo makaranta bai taɓa riƙe littafi ba, da wanda aka yi wa wasan ƙidaya tun yana rarrafe, ba za su yi maki ɗaya a aji 2 ba ko da an gwada kowa. Gwajin bai ƙirƙiro wannan tazara ba, tarar da ita ya yi. Shi ya sa wasu gundumomi, har da Fairfax a 'yan shekarun nan, suka koma auna yaro da 'yan makarantarsu maimakon yaran ƙasa baki ɗaya. Masu suka suna cewa an rage daraja, tunda na ɗaya a makarantar talakawa yana iya zama na tsakiya a ta masu kuɗi. Idan lambar yabo ake rabawa, sun yi gaskiya. Idan kuwa ana neman wanda darasin ajinsa ya yi masa kaɗan ne, to ajin da yake zaune a ciki shi ne ma'auni, domin malamarsa da 'yan ajinsa take tafiya, ba da yaran wata unguwa ba. Sharaɗin da zan ƙara shi ne ƙofar ta riƙa buɗewa kowace shekara, ta shiga da ta fita. Wanda ya farka a aji 5 ya sami gadar da zai cim ma sahu, wanda saurin ya yi wa yawa ya sauka ba tare da an mai da shi abin nuni ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da malamai. Gwada kowa yana cin kuɗi, kuma mun ga abin da Broward ta fara yankewa da aljihu ya yi zafi. Malaman firamare a Amurka akasari malaman komai-da-ruwanka ne, mutum ɗaya ke koyar da karatu da lissafi da kimiyya, ba kowacce ce za ta iya ɗaukar 'yan aji 5 ta shiga da su lissafin aji 7 ba. Ƙaramar makarantar karkara mai yara uku da suka cancanta ba za ta iya ware musu malami ba, sai dai a tura su ajin gaba a lokacin lissafi, wanda ke buƙatar a daidaita jadawalin makarantar duka, ko a zaunar da su gaban kwamfuta. Ita kanta dokar Carolina ta Arewa ta 2018 ta bar wannan kafa: ta ce hukumomi su samar da darussan gaba inda hakan zai yiwu, kuma wajibcin sa yaro yana hawa ne inda ake koyar da darasin. Makarantar da ba ta buɗe ajin ba, ba ta karya doka ba, kuma irin waɗannan makarantu sun fi yawa a yankunan da aka yi dokar dominsu.